Jamhuriyar Malam Makau

A shekarar 2014, da mataimakin shugaban ƙaramar sakandaren Tungar Ƙirya ya yi ritaya, mutum biyu ne suka cancanci kujerarsa. Na farko Malam Makau, mai koyar da darasin zaman jama'a, wanda yara ke kira Soshal. Na biyu taubashinsa Malam Ɗantani, malamin lissafi, mutum marar yawan magana sai in Makau na kusa. Tun kafin a ce komai Makau ya kai shadda wajen tela.

Tungar Ƙirya gari ne na manoman gero da wake a ƙasar Bukkuyum, in ka bar kwaltar Gummi ka bi burji. A duk garin Makau kaɗai ya taɓa zuwa taron ƙara wa juna sani na kwana uku a Gusau, kuma tun da ya dawo ya ajiye Hausar gidansu ya ɗauki ta rediyo.

Shugaban makaranta, Malam Nababa, ya tara malamai ya ce sufeto Hajiya Aisatu za ta zo daga ofishin shiyya a watan Yuli. Za ta zauna a ajin kowane ɗayansu, wanda ɗalibansa suka fi sanin abin da aka koya musu shi za ta rubuta wa kujerar.

Nan ne gizo ke saƙar, da yake takardun jarrabawar aji biyu na kan teburin Makau. An ce a kawo rassan gwamnati uku, wani yaro ya rubuta hakimi, ɗan sanda da mai allurar shan-inna. An tambayi ma'anar dimokuraɗiyya, wata yarinya ta ce lokacin da ake raba atamfa da sabulu.

Ɗantani ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ni da na ba ta rabin maki. Abin da tag gani ta rubuta."

"Matsalarku ke nan, ku da ba ku fita waje ba," in ji Makau. "Kalma ba ta shiga kai ta allo. Sai yaro ya rayu a cikinta. Daga Litinin aji biyu ya zama jamhuriya. Tsarin mulki, zaɓe, majalisa, kotu, ƙidaya, duka. Ranar da Hajiya ta zo, ƙasa za ta tarar."

"Ɗiyan da ba su iya rubuta gwamnati, su zaka ba gwamnati?"

"Ka dai riƙe alli, taubashi. In na shiga ofis zan sa a gyara maka allonka."

Mako guda ya yi yana haɗa tsarin mulki, sashe arba'in, da kyakkyawan rubutu a kan kwali shida, ya manna a bango. Bai bar komai ba, har sashen tsige shugaba, domin a Gusau an ce tsarin da babu wannan sashe na 'yan kama-karya ne. Ya ce duk wanda ya kasa kawo sashe da ka, bulala biyu. Abin da bai lissafa ba shi ne, yaran garin nan tun suna shekara huɗu suke hadda a makarantar allo. Da suka sa wa sassan murya suna rerawa, cikin mako uku sun haɗiye kwalayen nan shida har da inda alƙalaminsa ya zame.

Aka zo zaɓen shugaban ƙasa. Makau ya ce ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Ya tsayar da kansa takara, sannan ya naɗa wani dogon yaro mai suna Sufyanu ya zama ɗan adawa. Ya tsaya a gindin dogonyaro, bulala a hammata, littafin maki a hannu. Yara arba'in da biyar suka yi layi bayansa. Sufyanu ya waiwaya bai ga kowa ba, shi ma ya lallaɓa ya bi layin.

Ɗantani, da aka roƙa ya zama baturen zaɓe, ya ƙirga ya ce, "Arba'in da shida ga babu. Har abokin takara ya zaɓe ka. Ko limamin gari bai samun haka."

"Wannan shi ake kira gagarumin rinjaye," in ji Makau. "Ku rubuta."

Ya ware yara talatin su zama majalisar dokoki. Kakakin majalisa kuwa ya zaɓi Zinatu, 'yar gidan liman, don ya lura tana zama a baya ba ta cika buɗe baki ba. Bai san a gida tana bayan ƙyaure duk lokacin da mahaifinta ke raba gardamar gona da ta gado ba. Wani yaro Zayyad ya zama alƙalin alƙalai, sauran aka raba musu minista-minista. Sandar majalisa kuma taɓaryar matarsa ce, ya naɗe kanta da takarda mai ƙyalli, ya rubuta a sashe na tara cewa sandar majalisa taɓarya ce, in babu ita babu zama.

Sai ƙidayar jama'a. Ya raba yara bibbiyu da littattafai, su bi gari gida-gida su rubuta sunan kowa. Ruwan shuka bai daɗe da sauka ba, ga zaɓen ƙasa na tafe, don haka kafin azahar labari ya gama gari cewa sunayen masu samun takin zamani ake ɗauka. A zaure, magidancin da ke da mutum bakwai sai ya ba da talatin, har da waɗanda suka rasu da waɗanda ake sa ran haifa. A cikin gida kuwa abin ya sha bamban. Wasu matan sun rufe ƙofa da suka ga littafi, don rabon da a bi gidaje ana rubuta sunayen yara a ƙasar nan tun shekarar da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukan su Dareta. Waɗanda suka buɗe kuma, kowace ta tsallake ɗan farinta.

Zinatu ta kawo rahoto. "Malam, Inna Tasalla ta ce ɗiya biyar gare ta, da wancan."

"Wane ne wancan?"

"Na farin. Ba ta hwaɗin sunanai."

Inna Tasalla maƙwabciyarsa ce, tsohuwa mai saida daddawa. Makau ya ɗauki littafi ya tafi da kansa, yara na biye, ya yi sallama ya durƙusa rabi-rabi.

"Inna, ƙidaya ba ta san kunya ba. Gwamnati suna take so."

"To gwamnati ta haihi nata ta kira sunanai. Kai wa yac ce maka ana ƙirga ɗiya kamar awaki?"

"Inna, ilimi ne. In ba a san adadi ba, ba a tsara ci gaba."

"Shekara hamsin da takwas ban kira shi ba, kuma bai ɓace ba. Kullum kana gaishe shi a ofis, ka tambaye shi mana. Kai ma uwarka ba ta kiran naka, ga ka nan ka girma har kana damun mutane."

Ɗan farin nata dai Malam Nababa ne, shugaban makaranta. Yara suka sunkuyar da kai suna cije leɓe. Makau ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce su rubuta, wannan shi ake kira ƙarancin wayar da kai.

Da aka haɗa lissafi, littafin maza ya ba da mutum dubu goma sha tara a garin da masallacin Juma'a ɗaya ke ɗauke shi. Littafin mata kuma ya nuna gari ne da ba a taɓa haihuwar fari a cikinsa ba. Makau ya tara biyun ya raba biyu, ya rubuta a allo.

Ranar kasuwa mutane suka cika filin makaranta da jakuna da babura da buhunan wofi. Har daga ƙauyukan Gummi an zo. Wani dattijo ya riƙe hannun rigar Makau.

"Kai ad da littahi. Mutum talatin da ɗaya na ba da. Ina takina?"

"Baba, darasi ne. Gwaji ne kawai."

"Gwaji? Ni kac ce ma gwaji, na baro shuka?"

Sai da Malam Nababa ya fito ya yi ta ba da haƙuri har la'asar, yayin da shugaban ƙasa ke cikin sito tsakanin karyayyun kujeru. Washegari ya gaya wa aji cewa abin da suka gani jiya shi ne zanga-zangar lumana. Sufyanu ya tambaya ko jifar da aka yi wa tagar sito ma ta lumana ce, aka ba shi bulala biyu.

Ana cikin haka ciyawa ta taso a gonar Makau. Al'adarsa ce kowace damina ya kwashi aji ranar Alhamis su yi masa noma, kamar yadda malamai da dama ke yi ba mai cewa uffan. Bana sai ya sa wa abin suna Ranar Hidimar Ƙasa, ya ce kowa ya zo da hauyarsa.

Ranar Laraba majalisa ta zauna. Zinatu ta ajiye taɓarya a kan tebur, ta ce wa Sufyanu ya karanta ƙudurinsa. Ƙudurin ya ce sashe na goma sha biyu ya hana sa ɗan ƙasa aikin tilas, don haka a soke zuwa gona. Aka ɗaga hannu, ya wuce.

Makau ya ji daɗi ƙwarai, don ya samu damar koyar da sabuwar kalma. "Madalla. To ni kuma na hau kujerar na-ƙi. Ku rubuta. Shugaba na da ikon ƙin sa hannu."

Zinatu ta ce, a hankali kamar mai gaida surukai, "Sashe na sha tara, Malam. In kashi biyu cikin uku sunka sake amincewa, ya zama doka ko babu hannunka."

"Kun san kashi biyu cikin uku na talatin?"

"Ashirin na. Malam Ɗantani ya koya muna shekaranjiya."

Hannu ashirin da shida suka tashi. Makau ya dubi taga, ya ga Ɗantani na wucewa da alli a hannu yana kallon sama.

Duk da haka ranar Alhamis ya tasa su gaba da bulala zuwa gona. Suka yi noman ba wanda ya yi waƙa, har rana ta take. Ranar Litinin ya tarar da takarda a kan teburinsa, sanarwar tsigewa, da sa hannun mutum goma sha ɗaya, ɗaya ya ɗara kashi ɗaya cikin ukun da sashe na ashirin ya nema. An ba shi kwana bakwai ya kare kansa. Ya ƙirga da yatsu, kwana na bakwai ya faɗa daidai ranar zuwan Hajiya Aisatu.

Bai tsorata ba, don yana sauraron rediyo, ya san yadda manya ke yi. Da aka tashi ya tura taɓarya cikin babbar riga ya fice da ita, kanta na leƙowa ta wuya. Ɗantani ya gamu da shi a bakin ƙofa.

"Taubashi, daka zaka yi?"

"Dabarar siyasa ce. Ba sanda, ba zama. Ni na rubuta."

Ranar ta zo. Makau ya riga ya gayyaci iyaye, ga kuma waɗanda ba a ba taki ba sun zo ganin ƙarshen abin, tagogi duk sun cika da kawuna. Ya sha sabuwar shadda mai ruwan ƙasa, tana ƙara in ya motsa. Hajiya Aisatu mace ce mai tabarau, ba ta da fara'a kuma ba ta da faɗa. Ta zauna a baya kusa da Malam Nababa, ta buɗe littafinta. Tun da safe ta riga ta ga ajin Ɗantani, inda aka yi lissafi aka gama ba abin labari.

Makau ya fara da tambayoyi. Mene ne rabon iko? Yara suka rera. Mene ne haƙƙin ɗan ƙasa? Suka rera. Aikin ɓangaren shari'a? Suka rera har da lambar sashe. Hajiya ta ɗaga gira tana rubutu, Makau kuwa ya ji kujerar nan a bayansa har da matashi.

Ta nuna kwalayen bango. "An ce kuna da majalisa. Ina so in ga zama ɗaya."

"Abin takaici, ranki ya daɗe, an sace sandar majalisa. Ana bincike."

Zinatu ta ɗaga hannu. "Hajiya, a ba mu izini mu leƙa bayan aji."

'Yan mata suka fita suka dawo da taɓare goma sha ɗaya, suka jera a gaban allo. Zinatu ta ce sashe na tara taɓarya ya ce, bai ce ta gidan wane ba. Daga taga Inna Tasalla ta ce a yi da tata, ta fi nauyi.

Aka buɗe zama. Sufyanu ya karanta tuhuma uku: taka doka da kai 'yan ƙasa gona, tsayawa zaɓe da bulala a hammata, da kuma sace sandar majalisa, wadda shaidu huɗu suka ga kanta a wuyan rigarsa.

Makau ya yi dariya ya juya wajen Hajiya. "Duk cikin shiri ne, ranki ya daɗe." Sannan ya juyo. "Ina da rigar kariya. Ba a tuhumar shugaba mai ci."

Zayyad, alƙalin alƙalai, wanda sai ya hau benci ake ganinsa, ya miƙe. "Sashe na ashirin da ɗaya. Kariya daga kotu ta, ba daga majalisa ba."

Makau ya matsa kusa da layin gaba, ya rage murya, ya ce duk wanda ya ƙi amincewa yana da maki goma a jarrabawa. Muryar da ya saba cika aji da ita ba ta san raɗa ba.

Hajiya ba ta ɗago daga rubutu ba ta ce, "Yara, me ake kiran wannan?"

"Cin hanci," in ji aji.

"To a yi ƙato bayan ƙato," in ji Makau, yana laluben bulala. "Kowa ya tsaya a gan shi."

"Sashe na ashirin ƙuri'ar sirri yac ce," in ji Zinatu.

Aka yayyaga takarda, aka zagaya da ƙwarya. Hajiya ta ce a kira malamin lissafi ya ƙirga. Ɗantani ya zauna yana buɗe ƙuri'u ɗaya-ɗaya, yana lasar yatsa, ba ya gaggawa ko kaɗan. Ashirin da takwas sun ce a tsige. Ɗaya ta ce a'a. Ɗaya kuma an zana hauya.

Zinatu ta buga taɓarya a ƙasa sau uku. Waje ya ɗauki guɗa.

A nan ne Makau ya yi abin da har yau ake ba da labari. Ya haye kan tebur da shaddarsa, ya ɗaga bulala, ya gyara murya.

"'Yan'uwana 'yan ƙasa. Ganin halin da ƙasa ta shiga, na dakatar da tsarin mulki. Na rushe majalisa. Na rufe kotu. An hana taron fiye da mutum biyu. Kowa ya durƙusa ya kama kunne."

Ba wanda ya durƙusa. Teburin da ƙafarsa ɗaya ta daɗe da lalacewa ya fara ƙara.

Hajiya Aisatu ta cire tabarau ta goge. "Wannan fa?"

Murya arba'in da shida, da wasu dattawa daga taga waɗanda suka ga irinsa da yawa a rayuwarsu, suka amsa tare: "Juyin mulki."

"Ya halatta?"

"Sashe na ɗaya ya haramta."

Ta rufe littafinta. Malam Nababa ya taso ya miƙa wa Makau hannu ya sauko, don teburin na makaranta ne.

Bayan mako biyu takarda ta iso, aka tara malamai. Malam Nababa ya karanta shafin farko. Sufeto ta ce a duk makarantun da ta zagaya a Anka da Gummi da Bukkuyum ba ta ga ɗaliban da suka fahimci kalmomin mulki da zaman ƙasa kamar na aji biyun Tungar Ƙirya ba. Makau ya miƙe, ya gyara hula, ya fara godiya ga Allah da iyaye da duk waɗanda suka ba da gudummawa.

"Zauna," in ji Malam Nababa. "Da shahi na biyu."

Shafi na biyu ya yi maganar gona, da bulala, da maki goma, da tebur. Ya ce mutumin da ya koyar da doka da kyau haka, kuma ya taka ta a gaban baƙi, a bar shi a aji inda yake da amfani, kada a ba shi ofis. Kujerar mataimaki ta Malam Ɗantani ce. A ƙarshe an umarci sabon mataimaki ya kai ɗaliban nan zuwa Anka a hutu, su nuna wa malaman ƙananan hukumomin uku yadda ake wannan darasi.

Malamai suka watse suna yi wa Ɗantani barka. Makau ya zauna shi kaɗai yana kallon hannun shaddarsa, inda alli ya ɓata. Ɗantani ya dawo ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Taubashi, akwai matsala guda. Ɗiyan sun ce ba su iya nuna tsigewa in babu wanda za a tsige. Na ba da sunanka."

Makau bai karɓi goron ba. "Ka ba da sunana. A sake tsige ni a gaban jama'a."

"Da hawan tebur da komi. Hajiya ta ce wurin nan ya hi kyau."

Makau ya sake duban hannun shaddarsa. Can ya miƙa hannu ya ɗauki goron.

"Mutum nawa za su halarta?"

"Malamai wajen ɗari biyu. An ce har 'yan rediyo."

Ya tauna a hankali, ya kakkaɓe allin hannun rigarsa.

"To ka gaya musu a samo tebur mai ƙwari. Kuma a takardar gayyata, sunana ya zo kafin naka."